Yadda za ka saita bafar tashoshin satalayit a kwamfuta ba tare da RAM ya shaƙe ba

Jama'a barkanmu. Tambayar nan ta yi yawa, kusan duk wanda ya sa katin satalayit a kwamfutarsa ko ya jona na USB sai ya zo da ita: na danna pause ina kallon tasha kai tsaye, na je na dawo sai na tarar manhajar ta rufe kanta, ko hoton ya daskare, ko kuma na ja baya amma minti goma kawai take ba ni alhali ina da RAM har 16GB. Wasu ma cewa suke sun rubuta 4000MB a wurin saitin amma manhajar ta ƙi karɓa. To ga yadda ake bin abin daki daki, kuma don Allah ka bi shi a jere, domin yawancin masu shan wahala mataki na 1 da na 2 suke tsallakewa su tafi kai tsaye wurin ƙara lamba.

Abin da muke magana a kai shi ne wurin da manhajar take tara hoto da sauti na ɗan lokaci domin ka iya tsayarwa ko ja baya, a saitin manhajoji za ka ga an rubuta Timeshift, mu kuma bafa muke ce mata. Ko dai a RAM take zama ko a kan disk. Idan ta cika sai sabon abu ya riƙa hawa kan mafi tsufa yana goge shi.

Kayan da kake buƙata: kwamfutar da katin satalayit na DVB-S ko DVB-S2 yake aiki a kanta, manhajar kallo irin su ProgDVB, DVBViewer, Tvheadend, NextPVR ko VLC, sai kalkuleta. Ba sai ka sayi komai ba tukuna.

1. Auna nauyin tasharka

Kada ka yi ƙiyasi da ka. Buɗe tashar da ka fi kallo, danna rikodin, bar shi minti 5 daidai, ka tsayar, ka je ka duba girman fayil ɗin .ts da ya fito ka raba da 5. Abin da ka samu shi ne abin da tashar take ci a minti ɗaya. In kana amfani da VLC ma akwai hanya mai sauƙi, danna Ctrl da J ka shiga Statistics za ka ga lambar tana motsi.

In kuma ka san lambar a megabit ne, ninka ta da 7.5 ka samu MB a minti. Tashar SD mai megabit 4 tana cin 30MB a minti, wato 1.8GB a awa. Tashar HD mai megabit 8 tana cin 60MB a minti, 3.6GB a awa. Mai megabit 12 kuwa 90MB a minti, 5.4GB a awa. Ta 4K mai megabit 25 ta haura 11GB a awa ɗaya tal. Yanzu ka ga dalilin da ya sa bafar 500MB da take ba ka sama da minti 16 a tashar SD take komawa minti 5 da ɗan wani abu a tashar HD mai nauyi, ba lalacewa manhajar ta yi ba.

Hattara: Mb da MB ba ɗaya ba ne, ƙaramin b bit ne babban B kuma byte, kuma bit 8 ne suke yin byte 1. Nan mutane da yawa suke ruɗewa lissafinsu ya ninka sau takwas.

Wani hattara ɗin: nauyin tasha ba tsayayye ba ne. Tashoshin da suke kan transponder ɗaya, wato mita ɗaya ta satalayit da take ɗauko tashoshi da yawa a tare, rabon hanya suke yi a tsakaninsu, wadda hotonta yake da motsi sosai ta fi ja, shi ya sa mai karanta labarai a zaune ba ya cin abin da wasan ƙwallo yake ci. In ƙwallo kake so ka riƙa tsayarwa to lokacin ƙwallo za ka auna, sannan ka ɗora kamar kashi 20 cikin 100 a kai.

2. Duba ko manhajarka 32-bit ce ko 64-bit

Nan gizo yake saƙar, kuma nan ne amsar masu cewa ina da 16GB amma ta ƙi. Manhajar 32-bit a Windows 2GB kawai aka ba ta na wurin aiki, komai yawan RAM ɗin da ke cikin injin. In wanda ya rubuta ta ya kunna mata wata alama da ake kira LARGEADDRESSAWARE za ta iya kaiwa 4GB a kan Windows mai 64-bit, daga nan ba ƙari. Kuma wannan 2GB ɗin ba na bafa kaɗai ba ne, a ciki manhajar kanta take zaune, da kodek ɗin da yake fassara hoto, da jadawalin shirye-shirye, da tambarin tashoshi, da duk wani plugin da ka ɗora mata. Sannan ga wata matsalar da ba a cika ganewa ba, wasu manhajojin wuri guda a haɗe suke nema wa bafar, su kuma waɗancan abubuwan sun riga sun warwatsu nan da can a cikin wurin, sai ka ga a lissafi akwai sarari amma babu fili ɗaya mai faɗin da ake nema. Shi ya sa za ka rubuta 1500MB ta ce maka Out of memory, ka rubuta 1000 ta karɓa, gobe kuma 1000 ɗin ma ta ƙi.

Yadda za ka duba: danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, shiga Details, danna dama a kan layin sunayen da ke sama ka zaɓi Select columns, ka sa alama a Platform in Windows 10 ne, ko Architecture in Windows 11 ne. Za ka ga abin da manhajarka take a gaban sunanta. Windows ɗin kansa kuma ka duba shi a Settings, System, About, wurin System type. Windows 11 dama 64-bit kawai ake yinsa. Amma in tsohuwar kwamfuta ce mai Windows 32-bit, to 4GB ne iyakarta gaba ɗaya, a zahiri ma 3GB da ɗoriya za ka gani, ko ka cusa mata RAM 8GB asarar kuɗi ce.

In ka tarar 32-bit ce kuma manhajar tana da nau'in 64-bit, kamar ProgDVB da VLC da Kodi, ka sauke wancan ka sa.

Hattara: plugin da kodek na 32-bit ba sa aiki a cikin manhajar 64-bit. Kafin ka cire tsohuwar ka tabbata akwai na 64-bit na duk abin da ka dogara da shi, in ba haka ba ka gyara bafa ka rasa hoto. Kodek ɗin LAV Filters yana zuwa da nau'i biyun a tare kuma kyauta ne. Ka kuma adana jerin tashoshinka kafin ka taɓa komai, sake sikanin satalayit uku ko huɗu ba wasa ba ne.

Akwai masu kunna waccan alamar ta LARGEADDRESSAWARE da hannu da editbin ko wata ƙaramar manhaja. Yana yi wani lokaci, amma ni dai ban cika ba da shawararsa ba, saboda in ba a rubuta manhajar don ta jure hakan ba sai ta riƙa mutuwa ba gaira ba dalili, kuma duk sabuntawa sai ka sake. Dabarar mataki na 5 ta fi wannan tsafta.

3. Gano RAM ɗin da ya rage maka da gaske

Buɗe duk abin da ka saba buɗewa lokacin kallo, har burauza da shafukanta in ka san ba ka rufe ta, ka kunna tashar, sannan ka je Task Manager, Performance, Memory. Lambar Available ita ce taka, ba lambar da aka rubuta a kwalin kwamfutar ba. Ka lura da Hardware reserved ma, in katin hotonka na cikin processor ne to daga RAM ɗinka yake gutsura.

Ra'ayina shi ne kada bafa ta wuce rabin Available. Mai 4GB gaskiya ka haƙura da bafar RAM mai girma, 300 zuwa 500MB ya isa sauran ka tura disk. Mai 8GB zai iya 1.5 zuwa 2GB in manhajar 64-bit ce. Mai 16GB yana iya ba da 4 zuwa 6GB hankalinsa kwance.

Me zai faru in ka zarce? Windows ba zai ce maka a'a nan take ba, sai ya fara kwashe abin da ke RAM yana zubawa a pagefile, fayil ɗin da yake ajiye rarar memori a kan disk, wato an gudu ba a tsira ba, disk ɗin da kake gudu shi kake rubutawa kuma ta hanya mafi muni, hoton ya fara tsalle, linzamin ya yi nauyi, fitilar disk ta kama ci ba ƙiftawa. Kuma kada ka sa rai da matse memori da Windows yake yi, bidiyon satalayit dama a matse yake zuwa, babu abin da zai ragu.

Hattara: kada ka kashe pagefile wai don ka tilasta komai ya zauna a RAM. In ka kashe shi iyakar Committed, wato jimillar memorin da Windows zai iya ba manhajoji, raguwa take yi, kuma ranar da ta cika manhajoji rufewa kawai za su yi ba sallama. Bar shi a System managed.

4. Yanke shawara: RAM ko disk

Tambayi kanka minti nawa kake so ka iya ja baya. In don ka ɗaga waya ne ko ka sake ganin ƙwallon da aka ci, minti 10 zuwa 15 ne, RAM ya dace, ba ƙara, ba jira. In kuwa so kake ka tsayar da wasa gaba ɗaya ka dawo ka kalla daga farko, lissafa: minti 45 sau biyu da hutun minti 15, minti 105 kenan ban da ƙarin lokaci, a megabit 8 ya kai 6.3GB. Wannan aikin disk ne, kar ka wahalar da RAM.

Mutane suna tsoron disk fiye da kima. Tashar HD 1 zuwa 2MB take rubutawa a daƙiƙa, tsohon had disk mai juyawa ma yana yin ninkin wannan sau da dama. Batun cinye SSD kuma mu yi lissafi: megabit 8 ba tsayawa dare da rana kusan 86GB ne a yini, kusan 31TB a shekara, alhali akwai SSD masu 500GB da kamfanoninsu suka rubuta musu 300TB na rubutu. Wanda yake kallon awa 4 a rana kashi ɗaya cikin shida na wancan yake ci. Duba lambar TBW ta naka, wato yawan rubutun da kamfani ya ce zai jure, ka raba, za ka ga kwamfutar ma za ta riga shi tsufa.

Yadda za ka saita: ƙirƙiri folda ta musamman, in kana da disk na biyu ka sa ta can ba kan wanda Windows yake ba, shiga saitin Timeshift na manhajarka, zaɓi fayil maimakon memori, nuna mata foldar, ka rubuta iyakar girma.

Hattara: duba tsarin disk ɗin. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, a tashar megabit 8 wajen minti 70 kenan sai komai ya tsaya cak, kuma da yawa daga disk na waje da filasha da FAT32 suke zuwa. Danna dama a kan disk ɗin, Properties, ka gani. In shi ne, buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta convert E: /fs:ntfs, ka canza E da harafin naka. Ba ya goge kaya amma ka kwafe muhimman abubuwanka tukuna, kuma ba a komawa FAT32 ta wannan hanyar.

Kada kuma ka zaɓi Unlimited a kan disk ɗin C. Mutum ya yi barci ya bar tasha a kunne, da safe ya tarar Windows ba shi da wurin numfashi. Filasha mai araha da katin memori ma ka bar su, saurin rubutunsu yana faɗuwa ba zato kuma ba sa jure rubutu a kai a kai.

5. Dabarar RAM disk ga mai manhajar 32-bit

In manhajarka 32-bit ce, babu ta 64, kuma kana da RAM mai yawa yana zaman banza, ga mafita. Za ka yanki wani ɓangare na RAM ka mayar da shi kamar disk mai harafinsa, sai ka ce wa manhajar ta rubuta bafa a fayil a can. Ita a ganinta disk take rubutawa, don haka iyakar 2GB ba ta shafe ta ba, memorin yana hannun direba ne ba hannunta ba.

A Windows, ImDisk Toolkit kyauta ne. Bayan ka sa shi buɗe RamDisk Configuration, rubuta girman, misali 4GB ga mai 16GB, zaɓi harafi kamar R, tsarin ya zama NTFS, ka sa ya riƙa tashi tare da Windows. Akwai zaɓin Allocate memory dynamically, in ka kunna shi ba zai kama memorin ba sai ana buƙata. Sannan ka koma saitin Timeshift ka nuna R. Girman bafar ya zama ƙasa da girman RAM disk ɗin, in disk ɗin 4096MB ne ka rubuta kamar 3500, saboda in ya cika maƙil wasu manhajojin daskarewa suke yi maimakon su goge tsohon.

Hattara: duk lokacin da ka kashe kwamfutar ko wuta ta ɗauke, abin da ke ciki ya tafi har da foldar da ka ƙirƙira. In ka nuna wa manhajar folda a ciki, gobe za ta neme ta ta rasa ta ce Timeshift ya gaza. Nuna mata harafin kai tsaye ya fi sauƙi. Kuma kada ka kuskura ka sa foldar rikodin ɗinka a can, bafa daban rikodin daban.

Masu Linux ku naku ya fi sauƙi, tmpfs yana nan a ciki. Ƙirƙiri /mnt/timeshift ka ƙara wannan layin a /etc/fstab:

tmpfs /mnt/timeshift tmpfs defaults,size=2G 0 0

In ba ka rubuta size ba rabin RAM ɗinka zai ɗauka a matsayin iyaka.

6. Saitin wasu manhajoji

Tvheadend: shiga shafinsa ta burauza a port 9981, Configuration, Recording, Timeshift. Za ka ga iyakar lokaci a minti, iyakar girma a MB, iyakar RAM, da zaɓin RAM only. Cika duka biyun, lokaci da girma, duk wanda ya riga cika shi ne zai yi aiki. In mutum biyu ko uku suna kallo daga sabar ɗaya kowa bafarsa daban take taruwa, ka yi lissafinka da yawansu, in ba haka ba Linux zai kashe Tvheadend ɗin da kansa idan memori ya ƙare.

VLC: shi fayilolin wucin gadi yake rubutawa idan ka tsayar. Tools, Preferences, zaɓi All a ƙasa, Input / Codecs, gangara wurin Timeshift directory ka nuna masa inda kake so. Kada ka haɗa wannan da Network caching, wancan ɗan jinkiri ne da ake aunawa da millisecond, 1000 yake zuwa da shi wato daƙiƙa ɗaya, aikinsa gyara tangal-tangal ɗin netwok ne. Na ga masu mayar da shi 60000 suna jiran su samu ja baya, abin da suke samu kawai shi ne canza tasha ya koma ɗaukar lokaci.

Kodi: in shi ne fuskar da kake kallo da ita, bafar tana can wurin Tvheadend ko NextPVR ɗin da ke bayansa, can za ka gyara. Cache ɗin Kodi wani abu ne daban, kuma yana iya cin RAM har ninki uku na lambar da ka rubuta, don haka a ƙaramin inji ka taka a hankali.

Hattara ga kowa: wasu manhajojin suna da zaɓin adana transponder gaba ɗaya ba tasha ɗaya ba. Transponder na DVB-S mai symbol rate 27500 da FEC 3/4 kusan megabit 38 yake ɗauka, 285MB a minti, wajen 17GB a awa, na DVB-S2 ma ya fi haka. In ka ga bafarka tana cika cikin minti uku ko huɗu, duba wannan zaɓin ka kashe shi. Haka PiP, wato ƙaramin hoton wata tasha a cikin babban, tasha biyu bafa biyu.

7. Gwaji, da gane inda laifin yake

Kunna tasha mafi nauyi da kake da ita, danna pause, ka bar Task Manager a buɗe a gefe. Lambar memori ya kamata ta hau a hankali ta tsaya idan ta kai iyakar da ka sa. Bar shi ya wuce lokacin cikar da kamar minti 10, domin a daidai wurin da bafa take juyowa ta hau kan tsohon ne matsaloli suke fitowa, sannan ka ja baya har farko ka tura gaba ka gani. Ka tuna a yawancin manhajoji canza tasha yana share bafar, don haka in ka tsayar da abu mai muhimmanci kada hannunka ya kai kan rimot, ko ka danna rikodin kawai.

In lambar ta ci gaba da hawa ta wuce iyaka ba tsayawa, wani abu ne yake zubar da memori, galibi plugin ko kodek, cire su ɗaya bayan ɗaya har ka kama shi. In manhajar tana mutuwa kullum a kusan lokaci iri ɗaya kuma memorinta yana dab da 2GB, koma mataki na 2. In hoton yana farfashewa ƙananan murabba'ai har a kallon kai tsaye, musamman lokacin hadari ko ruwan sama, wannan ba ruwan RAM, sigina ce, duba Quality ba Strength kawai ba, ka duba dish da LNB, wato na'urar da ke gaban dish ɗin, da kan wayar. Duk abin da ya shigo a fashe haka bafa za ta adana shi, ko 64GB gare ka.

In kuma sigina lafiya, memori lafiya, amma yana ɗan tsayawa jefi jefi, abu uku za ka duba. Cire foldar bafa daga binciken antivirus. Shiga Power Options, Change advanced power settings, ka kashe USB selective suspend in katinka na USB ne, ka kuma hana kwamfutar barci lokacin kallo. Sannan ka jona katin kai tsaye a jikin kwamfutar ba ta hub ba.

Sai bayan duk wannan ne za ka yi maganar sayen ƙarin RAM, kuma kafin ka fitar da kuɗi ka duba nau'in naka a Task Manager ko CPU-Z, DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, ka duba ko akwai ramin da ba kowa, domin wasu laptop ɗin a manne RAM ɗinsu yake da allon ba a ƙara musu. Daga 4GB zuwa 8GB kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, daga 16GB zuwa 32GB don bafa kawai kuwa gara ka sayi had disk na biyu ka ba shi foldar Timeshift da ta rikodin.